Allurar Sinawa: amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan guraben da ake soka allura a jiki

Na yi shekaru ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a Guangzhou. Mutumin da ya kwana a jirgi, ya wuni yana zagayen kasuwa da ƙafa, sannan ya kwanta kan katifar otal mai tauri kamar dakali, ba a kwana uku sai ka ji ya ce, "Malam, bayan nan fa ya riƙe." Daga nan sai zancen allurar Sinawa ya taso, ni kuma in zama ɗan rakiya zuwa asibiti. Ni ba likita ba ne, amma na fassara tambayoyin nan da amsoshinsu har na haddace, kuma abin ya sa ni karatu a kai. Ga waɗanda suka fi dawowa.

Wane magani ake ɗurawa a cikin allurar?

Ba a ɗura komai. Allurar ba ta da rami a ciki kamar ta asibiti, siririn ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa, kaurinsa kusan rubu'in milimita, ya ɗan ɗara silin gashi. Ana soka ta a wasu zaɓaɓɓun wurare na jiki, a ɗan murza, a bar ta minti 15 zuwa 30, a zare. Sinawa suna kiran sana'ar zhenjiu, kalmomi biyu ne a haɗe: zhen ita ce allura, jiu kuma ɗumama wurin da hayaƙi da zafin wani busasshen ganye ɗan uwan tazargade. Turawa su suka raɗa mata akufanca.

Mene ne gurbin allura, kuma guda nawa ne?

A ilimin likitancin gargajiya na Sin, jiki yana da magudanai da wani ƙarfi mai suna qi yake bi. Ana furta kalmar kamar "ci" na cin abinci, abin da ke ba Bahaushe dariya a karon farko. Idan qi yana gudana yadda ya kamata, lafiya ta samu. Idan ya toshe ko ya yi rauni, ciwo ya zo. Suna da wata magana da kowane ɗalibi ya sani, cewa inda babu gudana akwai ciwo, inda akwai gudana babu ciwo. Daɗinta a Sinanci shi ne kalmar gudana da kalmar ciwo duk "tong" ake cewa, karin murya ne ya raba su, kamar kuka na hawaye da kuka ta miya. Gurbi, wato xue, asalin ma'anarsa rami ko kogo: wurin da suke ganin magudanar ta matso kusa da fata har allura za ta iya taɓa ta.

Manyan magudanai 14 ne, da gurabe 361 a kansu. Goma sha biyu an jingina su ga kayan ciki: huhu tana da gurabe 11, babban hanji 20, tumbi 45, saifa 21, zuciya 9, ƙaramin hanji 19, mafitsara 67, ƙoda 27, tantanin zuciya 9, matsarmama 44, hanta 14, sai wata mai suna sanjiao da 23. Sanjiao ɗin nan, wato "maƙona uku", mahauci ba zai taɓa ciro maka ita ba, domin suna ne na aikin sassa uku na gangar jiki. Waɗannan goma sha biyun kowace tana da ta dama da ta hagu. Ragowar biyun suna bin tsakiyar jiki, ɗaya ta gadon baya ta haura kai da gurabe 28, ɗaya ta gaba daga mara zuwa haɓa da 24. In ka lissafa dama da hagu, wuraren sukar sun kai 670, ban da wasu ƙarin gurabe da ba sa kan kowace magudana.

Kowane gurbi yana da sunan Sinanci, yana kuma da lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da daidaitaccen tsarin lambobin a 1991, sannan a 2008 ofishinta na yankin yammacin Fasifik ya fitar da littafin da ya tsayar da wurin kowane gurbi, saboda an tarar Sin da Japan da Koriya suna saɓawa a kan wuraren gurabe da dama. 

Wa ya gano su, kuma tun yaushe?

Za ka ji ana cewa shekara dubu biyar. Abin da rubutu ya tabbatar bai kai nan ba. A 1973 aka tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An samu rubuce-rubuce a kan siliki masu bayanin magudanai 11 da ɗumama su da ganye, amma babu zancen soka allura a gurabe. Littafin da ya fara shimfiɗa tsarin allurar shi ne Huangdi Neijing, wanda aka tattara wajen ƙarni na biyu zuwa na ɗaya kafin Annabi Isa. Ya ce gurabe 365 ne, daidai da kwanakin shekara, ko da yake waɗanda ya ambata da suna ba su kai rabin haka ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa lissafin sama da taurari ya shiga cikin zanen taswirar. A ƙarni na uku Huangfu Mi ya jera gurabe 349.

Labarin da na fi so shi ne na Wang Weiyi, likitan fadar daular Song. A 1027 ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla, tsayin mutum sosai, aka huda guraben a jikinsu. An ruwaito cewa ranar jarrabawa sai a shafe mutum-mutumin da kakin zuma har ramukan su ɓace, a cika cikinsa da ruwa, a ce wa ɗalibi ya soki gurbi kaza. In ya dace, ruwa ya tsarto; in ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla, kowa ya ji.

Sana'ar ta sha faɗi-tashi a gidanta. A 1822 sarki Daoguang ya cire ta daga makarantar likitocin fada, a 1929 kuma gwamnatin lokacin ta yi yunƙurin soke maganin gargajiya baki ɗaya, masu sana'ar suka yi ca har aka janye. Gwamnatin Mao ce ta ɗaga ta a shekarun 1950, lokacin da likitocin zamani suka yi wa ƙasar kaɗan. A 1956 aka buɗe manyan kwalejojinta a Beijing da Shanghai da Chengdu da Guangzhou. Amurkawa kuwa sun waye da ita a 1971, bayan da James Reston na jaridar New York Times ya rubuta yadda aka yi masa tiyatar afendis a Beijing, aka kuma yi masa allura don rage ciwon bayan aiki. Tiyatar da maganin kashe zafi na asibiti aka yi ta, duk da ana yawan juya labarin. A 2010 UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Jikin mutane ba ɗaya ba, ta yaya ake gane wurin a jikin dogo da gajere?

Da jikin mai shi ake awo. Ma'aunin sunansa cun, ana furta shi kusa da "tsun". Faɗin babban yatsan mara lafiya a gaɓarsa shi ne cun ɗaya, yatsunsa huɗu a haɗe cun uku. Akwai kuma rabon da ba ya canzawa: daga lanƙwasar gwiwar hannu zuwa wuyan hannu cun 12 ne ko a jikin wa, daga cibiya zuwa ƙashin mara cun 5, tsakanin kan nono biyu cun 8. Saboda haka cun ɗin ɗan dambe ya fi na yaro tsawo. Awon kusa yake kai mutum; ƙwararre sai ya bi da kan yatsa yana lalube har ya ji ɗan loko tsakanin nama da ƙashi, ko ya ga mara lafiya ya ɗan yamutsa fuska.

Waɗanne gurabe aka fi amfani da su, kuma don me?

Duk yawan guraben nan, in ka zauna a ɗakin allura na wuni ɗaya za ka ga 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Akwai huɗu da ɗalibai suke haddacewa a waƙe tun zamanin daular Ming: ciki a nemi Zusanli, baya da ƙugu a nemi Weizhong, kai da wuya a nemi Lieque, fuska da baki a nemi Hegu. Zusanli, mai lamba ST36, yana faɗin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, faɗin yatsa ɗaya daga ƙashin ƙwauri ta waje. Ana soka shi don kumburin ciki, rashin cin abinci da kasala, kuma tsofaffi a can suna ɗumama shi da ganye don neman ƙarfin jiki. Sunansa na nufin "li uku na ƙafa", har ana ba da labarin cewa matafiyin da ya gaji in an taɓa masa wurin sai ya ƙara tafiyar li uku, kusan kilomita ɗaya da rabi. Weizhong, BL40, yana tsakiyar lanƙwasar bayan gwiwa. Lieque, LU7, yana gefen hannu ta wajen babban yatsa, sama kaɗan da wuyan hannu. Hegu, LI4, shi ne ya fi kowanne suna: matse babban yatsanka da manuni, tudun naman da ya taso a bayan hannu, nan ne. Ciwon kai, ciwon haƙori da toshewar hanci ake nemansa dominsu.

Bayan waɗannan sai Neiguan, PC6, a cikin hannu, faɗin yatsu uku sama da layin wuyan hannu, tsakanin agara biyu. Na tashin zuciya da amai ne, kuma shi ne gurbin da binciken zamani ya fi tsaya wa. Sanyinjiao, SP6, yana faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu na ciki, inda magudanan saifa da hanta da ƙoda suka haɗu. Ciwon mara da rikicewar al'ada ake kai masa. Fengchi, GB20, loko biyu ne a ƙeya ƙarƙashin ƙoƙon kai, na ciwon kai da sanƙarar wuya. Taichong, LR3, yana bayan ƙafa tsakanin ƙashin babban yatsa da na kusa da shi, ana yawan haɗa shi da Hegu a dama da hagu a kira su "ƙofofi huɗu", ga mai damuwa da saurin fushi. Shenmen, HT7, a wuyan hannu ta wajen ƙaramin yatsa, na rashin barci ne.

Sunayen kansu abin sha'awa ne, domin ƙasa da ruwa suka kalla suka raɗa su. Hegu kwari ne da ya haɗu, Fengchi tafkin iska, Baihui da ke tsakar ka mahaɗar ɗari, Yongquan da ke tafin ƙafa maɓuɓɓugar ruwa. Akwai kuma guraben da suke cikin lissafi amma ba a soka musu allura ko kaɗan: cibiya, wadda sai dai a cika ta da gishiri a ɗumama, da kan nono, wanda alamar awo ce kawai. Duk amfanin da na jero a nan abin da littattafansu suka ce ne, wanda gwaji ya gaskata daga ciki yana cikin amsar "To, tana aiki ko ba ta yi?"

Baya ke ciwo, me ya kai allura bayan gwiwa?

Wani Alhaji da na raka ya yi wannan tambayar yana kwance rubda-ciki. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, gaya masa ya yi kuskure, ƙafata lafiyarta ƙalau." Na fassara, likitan ya yi murmushi, ya ɗora yatsa a gefen idon Alhaji ta wajen hanci, ya ja shi a iska ta saman kai, ya gangaro gadon baya, ya bi bayan cinya da sha-raɓa, ya tsaya a ƙaramin yatsan ƙafa. Hanyar magudanar mafitsara ke nan, mafi tsawo a jiki. A ganinsu duk abin da ke kan hanya ɗaya yana jin juna, kamar mai noman rani da ke buɗe kwalbati can nesa don ruwa ya iso fadamarsa.

Yawanci haɗawa ake yi: wasu allurai kusa da ciwon, wasu nesa. Akwai ma gurbin da ba shi da wuri tsayayye, sunansa ashi. Likita yana dannawa har mara lafiya ya ce "a, shi!", wato "yawwa, nan ne", sai a soka a nan. Sun Simiao, babban likitan zamanin daular Tang, shi ya fara rubuta wannan suna. Kafin duk wannan sai an duba harshe, an kama bugun jini a wurare uku na kowane wuyan hannu, an tambayi barci da bayan gida da gumi. Shi ya sa mutum biyu masu ciwon baya iri ɗaya za su iya samun gurabe dabam-dabam.

Likitan ya ce ƙodata ta yi rauni. Wankin ƙoda ya kama ni ke nan?

A'a, kuma wannan ce fassarar da ta fi ba ni wahala a aikina. Alhajin da na ambata a amsar da ta gabata, da na faɗa masa haka, sai da ya tashi zaune yana salati. Ƙoda a bakin likitan gargajiyar Sin suna ne na wani rukunin aiki da ya haɗa ƙarfin ƙugu da gwiwa, ji, haƙora, haihuwa da tsufa. Haka saifa a wurinsu ita ke kula da narkar da abinci, hanta kuma ita ke da alhakin fushi. Mu ma muna cewa wane yana da farin ciki ko baƙar zuciya, ba wanda ya taɓa neman hoton asibiti a kai. Lafiyar ƙoda ta zahiri gwajin jini da na fitsari ke nuna ta.

Akwai zafi?

Shigarta kamar cizon sauro ne, wani lokaci ma ba a ji. Abin da ke biyo baya idan an murza shi ake kira deqi, wato qi ya iso: nauyi, tsami-tsami, ɗan kumburi daga ciki, ko wani yarr da ke bin ƙafa. Likitocin Sin suna neman wannan da gangan, za ka ji suna tambaya ko ya yi tsami. Na Japan sun fi son allura siririya sosai da suka marar zurfi. Tafin hannu, tafin ƙafa da kan yatsu sun fi zafi. Zafi mai kaifi kamar wutar lantarki wanda ya ƙi lafawa ba ya cikin tsari, a faɗa nan take a gyara allurar.

Likitocin zamani sun ga magudanan nan a jiki?

An feɗe jiki, an duba da madubin likita da na'urorin hoto, ba a samu wani bututu ko zare da ya dace da magudanan ba, ba a kuma auna qi ba. Abin da aka samu shi ne gurabe da yawa suna zaune kan manyan jijiyoyin saƙo ko kusa da su. Neiguan, alal misali, yana daidai saman jijiyar da ke ratsa tsakiyar hannu zuwa yatsu. Tun shekarun 1970 gwaje-gwaje, ciki har da na Han Jisheng a Beijing, suka nuna cewa suka da allura, musamman idan an haɗa da 'yar wutar lantarki, tana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, irin su endofin. An kuma ga cewa maganin naloxone, wanda ke toshe aikin waɗannan sinadarai, yana rage tasirin allurar. Ni dai yadda nake kallon abin, taswira ce ta mutanen da suka daɗe suna lura da jiki, suka bayyana abin da suka gani da harshen zamaninsu.

To, tana aiki ko ba ta yi?

Ya danganta da ciwon, kuma amsar tana da ƙaya. Gwajin da ya fi burge ni an yi shi ne a Jamus, aka wallafa a 2007, da mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An raba su uku: wasu aka yi musu allura a guraben gaskiya, wasu aka yi musu suka sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, wasu aka ba su kulawar da aka saba ta magani da motsa jiki. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin ɗari na rukunin farko sun samu sauƙi, na biyu kashi 44.2, na uku kashi 27.4. Kowa ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi a ciki. Masu sana'ar suka ce allura ta kusa ninka maganin asibiti. Masu shakka suka ce ai ko ina ka soka kusan ɗaya ne, ina amfanin haddace gurabe 361? Duka biyun suna cikin alƙaluman. Inshorar lafiya ta Jamus dai ta karɓi biyan kuɗin allura don ciwon baya da ciwon gwiwa.

Da aka haɗa gwaje-gwajen kusan mutum 18,000 a 2012, an ga allurar gaskiya ta ɗara ta bogi a ciwon baya da wuya, amosanin gaɓɓai da ciwon kai, amma ratar ƙarama ce. Babbar ratar tana tsakanin wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa komai ba. Wato kwanciyar rabin sa'a, hannun mai kula da kai, da sa rai, duk suna cikin abin da ke aiki. Hukumomi ma ba bakinsu ɗaya ba. NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a 2016 ta ce kada a yi ta don ciwon baya, a 2021 kuma ta yarda a gwada ta ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano sababinsa ba, tana kuma amincewa da ita don rage yawan ciwon kai. Shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka mai suna Medicare ya fara biyan ta don ciwon baya a 2020. Inda hujja ta fi tsayuwa kan gurbi guda shi ne Neiguan wajen rage tashin zuciya bayan tiyata.

Hawan jini, ciwon suga, rashin haihuwa da shanyewar ɓarin jiki fa?

A nan nake ɗaure fuska. Allura ba ta maye gurbin ƙwayar hawan jini, ba ta maye gurbin insulin, ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko taifod, ba ta narkar da ciwon daji. A manyan asibitocin gargajiya na Sin kansu akwai ɗakin gwajin jini da na hoto da na tiyata, likitan allura da kansa zai tura ka can. Kan haihuwa, wani babban gwaji a Ostireliya da New Zealand da aka wallafa a 2018, da mata sama da 800 masu neman haihuwa ta hanyar dashen ƙwai, bai ga bambanci tsakanin allurar gaskiya da ta bogi ba. Masu shanyewar ɓarin jiki ana yi musu allura sosai a Sin, amma a matsayin ƙari kan gashi da motsa gaɓɓai bayan an wuce haɗari. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki yanzu-yanzu, sashen gaggawa za a nufa da shi, ba a tsaya neman gurbi ba.

Akwai haɗari?

A hannun wanda ya iya, kaɗan ne. Wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230 ya samu kashi 8.6 cikin ɗari da suka yi ƙorafin wani abu, akasari ɗigon jini ko ɗan tabon taruwar jini, mutum biyu kuma allura ta huda musu huhu. Wannan hudawar ita ce abin tsoro a guraben ƙirji, saman baya da kan kafaɗa, musamman Jianjing, GB21, da ke tsakanin wuya da kafaɗa, domin kan huhu yana kusa, balle ga siririn mutum. Wanda ya ji numfashinsa yana sarƙewa ko ƙirji yana suka bayan allura, ya tafi asibiti a lokacin. Haɗari na biyu shi ne allurar da aka yi wa wani amfani da ita, hanyar ciwon hanta da ƙanjamau. A buɗe sabuwa daga ledarta a gabanka, a jefar bayan an gama.

Jiri da suma suna faruwa ga wanda ya zo da yunwa ko tsoro, don haka mai azumi ya bari sai ya sha ruwa. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun farko. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada a haɗa masa allura da lantarki. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai ya guji ɗumamar ganye, don zai ƙone bai sani ba.

Mai juna biyu za ta iya yi?

Littattafansu sun hana taɓa Hegu, Sanyinjiao da Jianjing ga mai ciki, haka guraben mara da ƙasan baya, don suna ganin suna motsa naƙuda. Ko wata ɗaya ne da ɓatan wata, a sanar da likita. Akwai wani amfani da ya yi suna: ɗumama Zhiyin, BL67, a gefen farcen ƙaramin yatsan ƙafa, wajen mako na 33 zuwa 35, idan jariri ya zo ta ƙafa, don ya juya. Wasu gwaje-gwaje sun nuna alamar amfani, amma abu ne da ake yi da sanin likitan awo da hoton ciki.

'Yan ƙwayoyin da ake liƙawa a kunne fa?

Irin wani tsiro ne ake mannawa da filasta a riƙa dannawa. Taswirar kunnen da ake bi yau, mai kamanta kunne da jariri kwance kai ƙasa, ba tsohuwar Sin ba ce. Wani likitan Faransa, Paul Nogier na birnin Lyon, ya fito da ita a shekarun 1950, Sinawa suka karɓa suka faɗaɗa. Ana tallata ta don rage ƙiba da barin taba, hujjar kuwa ba ta da ƙarfi.

Ina bambancinta da ƙaho da tsagar wanzamai?

Sinawa ma suna ƙaho, suna kiransa baguan, da kofunan gilas da ake zura wa wuta a kifa a baya, sau da yawa a zama ɗaya da allura. Mafi yawa busasshe suke yi, babu tsaga, sai tabon da'ira ja da ke ɓacewa cikin kwanaki. Wanzaminmu yana tsagawa ya zuƙe abin da yake kira mataccen jini, kuma inda ciwo yake nan yake kafa ƙahonsa, wanda ya yi kama da gurbin ashi da na yi bayani a amsar bayan gwiwa. Allura ba jini take nema ba, in ban da wasu 'yan gurabe kamar kan yatsu da ake ɗiso kaɗan. Sharaɗin tsabta ɗaya ne ga aska da allura.

Babu tsafi a ciki? Mace fa, dole sai ta tuɓe?

A duk zaman da na halarta ban ga an kira sunan wani abin bauta, ko an yi yanka, ko an karanta wani surkulle ba. Gado ne, da auduga, da allura, da agogo. Kalmomin "yin" da "yang" da "qi" da za ka ji a bakinsu hanyar tsoffin Sinawa ce ta bayyana sanyi da zafi da motsin jiki, kuma Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui suna cikin masu koyon sana'ar da masu zuwa a yi musu. Hukunci na malamai ne, mai neman fatawa ya kai musu wannan bayanin yadda yake. Game da mata, gurabe da yawa da aka fi amfani da su suna ƙasa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, kuma likitoci mata suna da yawa. A nemi mace tun wajen yankar kati.

Zan iya yi wa kaina a gida?

Da yatsa, e. Danna Neiguan minti biyu zuwa uku idan mota ko jirgi na tayar maka da zuciya, ko Hegu da Fengchi idan kai ya ɗaure, ba ya cutarwa, in ban da gargaɗin mai ciki da ya gabata. Da allura kuwa, a'a, ko da ka ga ana sayar da kwalinta da arha a kasuwa. Sanin gurbi a hoto dabam, sanin abin da ke ƙarƙashinsa da zurfin da za a tsaya dabam.

In na koma gida, yaya zan gane wanda ya iya?

A Sin digirin farko na wannan fanni shekara biyar ne, da darasin sassan jiki da zaman asibiti a ciki, sai jarrabawar lasisi. Tun 1963, lokacin da ta tura tawagar farko Aljeriya, Sin take aika likitoci ƙasashen Afirka, ciki har da Nijar da Sudan da Kamaru, kuma sau da yawa akwai mai allura a cikinsu. A Najeriya dokar majalisar likitoci ta MDCN ta haɗa da masu wannan sana'a, don haka tambayar takardar rajista ba rashin kunya ba ce. Wanda ya iya zai tambayi magungunan da kake sha, ya duba sakamakon gwajinka, ya ce a gwada zama shida zuwa goma a gani. In babu canji, a tsaya.

Wata goggona ta taɓa zuwa wani shago da aka rubuta maganin Sin a ƙofarsa. Aka ba ta wani ƙarfe ta riƙe a hannu, kwamfuta ta yi ƙara na minti ɗaya, aka buga mata takarda mai cututtuka goma sha, aka ce ta ajiye ƙwayar hawan jininta ta sayi kwalabe huɗu da zaman allura talatin, kuɗi a gaba. Da ta kira ni na tambaye ta ko an duba harshenta, ko an kama wuyan hannunta, ko an tambayi inda ke mata ciwo. Ta ce, "Ɗan nan, ko awon jinina ba su yi ba." Na ce ta koma kan ƙwayarta a daren nan, gobe kuma ƙanena zai kai ta asibiti a auna.